Wa Za a Kama? Nazarin Hatiman Tsofaffin Kayan Cin Abinci na Azurfa a Ingila

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin ƙananan hatiman da ake bugawa a jikin kayan cin abinci na azurfa a Ingila, wato cokula, farantai, butocin shayi, mazuban gishiri da makamantansu, tun daga dokar shekarar 1300 har zuwa gyaran da aka yi wa tsarin a 1999. Dillalai da masu tara tsofaffin kaya suna karanta hatiman a yau don su san shekarar kaya da sunan maƙerinsa. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, damuwar waɗanda suka ƙago hatiman daban ce. A zamaninsu kwanon azurfa da kuɗin azurfa ƙarfe ɗaya ne, saboda haka hukuma ta so ta san wanda za ta kama idan aka samu algus. Sanin wannan asali shi ke nuna iyakar abin da hatimi zai iya bayar da shaida a kansa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya juya tsohon cokalin azurfa na Ingila ya duba bayansa zai ga jerin hatimai huɗu ko biyar, kowanne bai wuce milimita biyu ko uku ba. Akwai zaki yana tafiya, akwai kan damisa, akwai harafi guda a cikin garkuwa, akwai haruffan farko na sunan wani mutum, wani lokaci kuma da kan sarki ko sarauniya. Wanda ya iya karatunsu, cikin minti ɗaya zai gaya maka garin da aka gwada cokalin, da shekarar, da wanda ya kai shi gwaji. Ƙasashe ƙalilan ne suke da tsarin da ya daɗe haka bai yanke ba.

Akwai abin da ya kamata a share tun farko ga mai karatu Bahaushe. A fiƙihun da muka tashi a kai, ci da sha a cikin mazubin zinariya ko azurfa haramun ne, shi ya sa azurfarmu ta tafi ga awarwaro da zobe da kayan doki, ba ta hau kan tabarmar cin abinci ba. Don haka kayan da za a yi magana a kansu na wasu mutane ne da wata al'ada. Abin da ya jawo hankalina gare su shi ne matsalar da suka warware, wadda kowace kasuwa ta san ta: yaya mai saye zai amince da abin da idonsa ba zai iya tantancewa ba? Azurfa mai kyau da wadda aka cika wa jan ƙarfe, idan an goge su, ƙyallinsu ɗaya.

2.0 Kwano da kuɗi

Tsantsar azurfa tana da taushi. Cokalin da aka yi da ita zai lanƙwashe a hannu, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe. Ma'aunin da Ingila ta tsaya a kai, wanda ake kira sitalin, shi ne kashi 925 na azurfa cikin 1000. Maƙeran da can ba da dubu suke lissafi ba. Labar da suke awon azurfa da ita oza 12 ce, kowace oza tana da nauyin giram 31.1, an kuma raba ta gida 20. Laba ɗaya gida 240 ke nan, 222 azurfa, 18 jan ƙarfe.

Wannan ma'auni na kuɗin ƙasa ne kafin ya zama na kwano, kuma daga nan komai ya taso. Tunda faranti da kuɗin aljihu ƙarfe ɗaya ne, basaraken da ya jera farantai a gaban baƙi ajiyarsa ce ya shimfiɗa. Ranar da bashi ya taso, ko yaƙi, ko aurar da 'ya, sai a kai su gidan buga kuɗi a narkar. Takardun gado na wancan zamani nauyin kaya suke fara rubutawa, kuma har yau ana ganin nauyin da aka zana da tsinin ƙarfe a ƙarƙashin tsofaffin farantai. Lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, kowane ɓangare ya narkar da abin da hannunsa ya kai. A farkon 1643 kwalejojin Oxford suka miƙa wa sarki mafi yawan kayan azurfarsu aka buga kuɗin biyan sojoji. Wannan na cikin dalilan da suka sa kayan da suka girmi 1660 suke da wuyar samu a yau. Sauran dalilin kuwa yayi ne: jika ya gaji kwanon kakansa, ya ga ya tsufa, ya kai wa maƙeri ya narkar ya zuba masa sabon salo.

Idan kwano kuɗi ne, to maƙerin da ya rage azurfa a kwano daidai yake da mai buga jabun kuɗi. Haka hukuma ta ɗauke shi.

3.0 Yadda hatimai suka taru

Ba a rana ɗaya aka tsara hatiman ba. Kowanne ya zo ne bayan an gano wata kafa da na baya bai toshe ba.

Dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300 ta hana kayan azurfa barin hannun maƙeri sai shugabannin sana'a sun gwada sun tabbatar ya kai ma'aunin kuɗi, sannan su buga masa kan damisa. A 1327 Edward na Uku ya ba Ƙungiyar Maƙeran Zinariya ta Landan takardar izinin sarauta, ita ce kuma har gobe take riƙe da ofishin gwaji na birnin. Sunan ya ce zinariya, amma aikin mafi yawan 'yan ƙungiyar azurfa ne.

Kan damisa ya shaida cewa an gwada, bai faɗi wanda ya ƙera ba. Idan kaya ya fita da algus, wa za a tuhuma? Dokar 1363 ta wajabta wa kowane maigidan maƙera ya mallaki hatiminsa na kansa. Na farko-farko hotuna ne, kifi, mabuɗi, tsuntsu, domin karatu bai yawaita ba. Haruffan suna daga baya suka zo.

Saura mai gwajin kansa. Shi ma ɗan Adam ne, yana da abokai a cikin sana'a, yana iya kau da kai. A 1478 aka ɗora wa ƙungiyar tara idan hatiminta ya hau kan kayan da bai kai ba. Nan take ta sauya tsari. Maimakon shugabanni su riƙa zagaya shaguna, sai ta ɗauki ma'aikacin gwaji mai albashi, Christopher Elyot, ta ce kowa ya kawo kayansa zauren ƙungiya. Ta kuma ƙara harafi guda da ake sauyawa duk shekara a watan Mayu, lokacin da sababbin shugabanni suke kama aiki. Wannan harafi shi ne a yau ake kira harafin shekara, kuma shi ne abin ƙaunar masana tarihi. Amma aikinsa na asali shi ne ya nuna a hannun wa ofis yake lokacin da aka wuce da kayan, domin a san wanda zai biya tarar. A da Landan ta riƙa amfani da haruffa 20, daga A zuwa U ban da J, idan sun ƙare a sake salon rubutu da siffar garkuwa a koma farko.

Zaki ya shigo a 1544, shekarar da Henry na Takwas ya fara rage azurfar kuɗin ƙasa don biyan bashin yaƙe-yaƙensa. Abin ya yi muni har hancin sarki da ke kan kuɗin yake yin ja idan ya goge, jama'a suka laƙaba masa sunan mai hancin jan ƙarfe. Zuwa 1551, a zamanin ɗansa Edward na Shida, wasu kuɗin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai azurfa. Sai a 1560 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta mayar da ma'auni. Masana da yawa suna ganin zakin ya zo ne don ya tabbatar wa mai saye cewa kwano yana nan a tsohon ma'auninsa duk da kuɗi ya lalace. Ina tare da su, domin daidaituwar shekarun ta wuce a ce katari ne. A waɗancan shekarun, cokalin da ke kicin ya fi kuɗin sarki gaskiya.

Gwajin kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Maƙeri yakan kai kaya kafin gogewar ƙarshe. Mai gwaji ya kankari ɗan ƙarfe daga sassa daban-daban, jiki da hannu da murfi, domin mai ha'inci yakan ɓoye mugun ƙarfe a inda ba a zata ba. A auna abin da aka kankara, a naɗe shi cikin darma, a sa a ƙaramin kasko da aka yi da tokar ƙashi, a tura cikin wuta. Darma ta narke ta janye jan ƙarfen, kaskon ya shanye su duka, a bar ɗigon tsantsar azurfa. A sake aunawa, gibin da aka samu shi ne yawan gauraye. Kayan da ya faɗi gwaji, a farfasa shi a mayar wa mai shi, aikin makonni ya tafi a banza. Wanda kuwa ya yi jabun hatimi, hukuncinsa ya fi haka nesa. A 1597 an tsayar da maƙera biyu a bainar jama'a a Landan aka yanke wa kowannensu kunne. Dokar 1757 ta mayar da laifin na kisa, kafin a 1773 a sassauta zuwa korar shekara 14 zuwa ƙasashen ƙetare.

4.0 Rikicin 1696 da abin da ya biyo baya

Babu lokacin da dangantakar kwano da kuɗi ta fito fili kamar ƙarshen ƙarni na 17. Bayan komawar sarauta a 1660 manyan gidaje suka shiga mayar da kayan da yaƙi ya ci. Azurfa ba ta isa ba, sai aka koma datse gefen kuɗi da narkar da masu nauyi ana sayar wa maƙera. Sarki William na Uku yana yaƙi da Faransa, kuɗin ƙasa kuwa ya zama guntaye. A 1696 aka fara sake buga kuɗin gaba ɗaya, a shekarar ne kuma aka naɗa Isaac Newton mai kula da gidan buga kuɗi. Majalisa ta hana masaukai da gidajen sayar da abin sha amfani da kayan azurfa in ban da cokula, ta kuma yi kira ga jama'a su kawo nasu. Gidan buga kuɗi ya karɓi duk kayan da ke ɗauke da hatimin Landan a matsayin sitalin ba tare da jiran a narkar a gwada ba. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ma'anar hatimi: gwamnati da kanta ta ɗauke shi tamkar tambarin da ke kan kuɗi.

Don a raba maƙera da narkar da sabon kuɗin, daga Maris 1697 aka ɗaga ma'aunin kaya zuwa kashi 958 cikin 1000, wato 230 cikin 240. Wanda ya narkar da kuɗi yanzu, ƙarfen da zai samu ba zai ci gwaji ba sai ya sha wahalar tacewa. Aka ajiye zaki da kan damisa, aka kawo hoton Britannia, macen nan da ke zaune riƙe da mashi, tare da kan zaki mai yagaggen wuya. Hatimin maƙeri ya koma haruffa biyu na farkon sunan iyalinsa. Haka aka tafi har 1720, lokacin da aka dawo da sitalin, aka bar sabon ma'aunin ga mai so.

Wannan zamani ya zo daidai da shigowar baƙin maƙera. A 1685 Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya soke dokar Nantes da ta ba Furotestan na Faransa kariya, dubbai suka yi hijira, cikinsu har da gwanayen maƙera irin su David Willaume da Pierre Platel. Maƙeran Landan sun yi ta kai ƙorafi a kansu, amma masu kuɗi aikin baƙin suke so. Tebur ma yana sauyawa. Shayi da gahawa da cakulan sun shigo, kowanne da butarsa, ga gwangwanin ajiye ganyen shayi, ga mazubin sukari da matsefatansa. Ba zan wuce nan ba sai na ce sukarin da ake zubawa a waɗannan kyawawan mazubai daga gonakin rake na Barbados da Jamaika yake, inda bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma suke aiki, azurfar kuwa mafi yawanta daga ma'adinan Potosí da Meziko. Hatimi bai taɓa tambayar inda ƙarfe ya fito ba.

Fitaccen ɗan wannan zuriya ta baƙi shi ne Paul de Lamerie, wanda aka haifa a Holan a 1688, ya koyi sana'a a hannun Platel, ya rasu a 1751. Masana da yawa suna ɗaukarsa mafi gwanintar maƙerin azurfa da Ingila ta gani a ƙarni na 18. Ya ci gaba da aiki da ma'aunin Britannia har 1732, shekara 12 bayan doka ta sake shi. Amma bai kasance mai tsoron doka ba. Ƙungiya ta tuhume shi da sayar da kaya ba hatimi. Ɗaliban shari'ar Ingila ma sun san shi ta wata ƙofar: a 1722 wani yaro mai sharar bututun hayaƙi ya tsinci abin ado ya kai shagonsa a duba masa, yaron shago ya cire duwatsun, kotu ta yanke cewa mai tsintuwa ya fi kowa haƙƙi in ban da mai kaya na asali.

Da aka dawo da sitalin a 1720 sai aka sa harajin sisi a kan kowace oza, ana karɓa a wurin gwaji. A babbar buta ko tire mai nauyin oza ɗari, kuɗi ne mai yawa. Dabarar da wasu maƙera suka ɓullo da ita, har da de Lamerie, ita ce su kai ƙaramin abu a gwada a buga masa hatimi, su biya harajin 'yan ozoji, sannan su yanke wurin hatimin su liƙa shi a gindin babban kaya, inda ƙafa ta haɗu da jiki. Azurfar galibi mai kyau ce, shekarar ma daidai, gwamnati kaɗai aka cuta. An janye harajin a 1758.

5.0 Larduna da kan sarki

Landan ba ita kaɗai ke gwaji ba. Chester tana da dami uku na alkama da takobi, Exeter ganuwa mai hasumiya uku, Newcastle ganuwa uku, York gicciye mai zakuna biyar. Duk an rufe su: York 1858, Exeter 1883, Newcastle 1884, Chester 1962.

Waɗanda suka rayu su ne na biranen masana'antu. Matthew Boulton na Birmingham ya gaji da tura kayansa Chester, tafiyar kimanin mil 70 a kan mugun hanya, su dawo a lotse, ga jinkiri, ga fargabar a kwaikwayi zanensa. Ya haɗa kai da maƙeran Sheffield suka kai kuka majalisa. Landan ta yi adawa, tana cewa aikin larduna ba abin yarda ba ne. Sai kwamitin majalisa ya sayi kayan da ke ɗauke da hatimin Landan ɗin aka gwada, aka tarar mafi yawansu ba su kai ma'auni ba. A 1773 biranen biyu suka samu ofisoshinsu, Birmingham ta ɗauki ankar jirgin ruwa duk da tana nesa da teku, Sheffield ta ɗauki kambin sarauta.

Bayan asarar yaƙin Amurka, gwamnati ta dawo da harajin sisi daga 1 ga Disamba 1784, wannan karon da rasit a jikin kayan: kan sarki mai ci. Harajin ya hau zuwa sule a 1797, sule da taro a 1804, sule da sisi a 1815. Kawunan George na Uku, George na Huɗu, William na Huɗu da Biktoriya duk sun hau cokula, har aka soke harajin a 1890.

6.0 Karatun hatimi

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda ake haɗa shaidun. A ɗauki cokula uku na Landan, kowanne da ƙaramin harafin m. Zagaye uku sun yi amfani da ƙananan haruffa masu kama da juna, na 1736, na 1776 da na 1816, saboda haka m tana iya zama 1747, ko 1787, ko 1827. Harafi kaɗai ba zai raba gardama ba. Idan babu kan sarki, 1747 ce, domin bai zo ba sai 1784. Idan akwai kan sarki kuma damisa tana sanye da kambi, 1787 ce. Idan kambin ya faɗi, 1827 ce, domin a 1821 aka cire shi. Siffar cokalin ma tana magana. Na 1747 ƙarshen mariƙinsa sama yake kallo, kuma hatimansa suna ƙasa kusa da baki, a matse, domin bayan an buga su maƙeri yakan sake dukan wuyan ya daidaita shi. Daga wajen 1781 aka mayar da hatimai sama inda mariƙi ya yi faɗi, suka riƙa fitowa tsaf.

Abin mamaki shi ne wannan karatu sabon ilimi ne. Kusan shekara 400 harafin yana kan kaya, ba wanda ya damu da ma'anarsa a wajen ofishin gwaji. Octavius Morgan ne ya fara fitar da jadawalin haruffan a 1853, William Chaffers ya faɗaɗa a 1863, Wilfred Cripps a 1878, sannan babban kundin Sir Charles Jackson ya fito a 1905. Da wannan ne muka san cewa cokali mai yatsu mafi tsufa da ke ɗauke da hatimin Ingila na 1632 ne, yatsunsa biyu, yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. A can kuma akwai butar 1670 da George Berkeley ya ba Kamfanin Gabashin Indiya. Siffarta ta butar gahawa ce, rubutun da aka zana a jikinta ne kawai ya ce ta shayi ce.

7.0 Inda hatimi ya yi shiru

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hatimin maƙeri a matsayin sa hannun mai zane. Hatimin na wanda ya kai kaya gwaji ne, wanda zai amsa tuhuma, shi ya sa dokar yanzu take kiransa hatimin mai ɗaukar nauyi. Hester Bateman ta yi rajistar nata a 1761 bayan rasuwar mijinta, ta riƙe shi har 1790. Dubban kaya suna ɗauke da HB, kasuwa kuma tana ƙara musu kuɗi saboda sunanta. Abin da ta gina kuwa masana'anta ce ta iyali, da 'ya'yanta da ma'aikata, suna aiki da fallen azurfar da inji ya murza don su sayar wa masu matsakaicin hali da araha. Wannan bai rage mata daraja ba, sai dai darajar ta shugabar kasuwanci ce. Haka Paul Storr, wanda daga 1807 zuwa 1819 ya shugabanci maƙerar kamfanin Rundell, Bridge and Rundell masu yi wa fada aiki. Hatiminsa yana kan kayan da masu zane irin su John Flaxman suka tsara, ma'aikata da yawa suka zuba suka sassaƙa.

Sunayen ma ba duka suka tsira ba. Rajistar maƙeran Landan mai haɗe da suna daga 1697 ta fara, waɗanda suka gabace ta mafi yawansu haruffa ne kawai ba a san masu su ba. Kundaye biyu na tsakiyar ƙarni na 18 sun ɓata, ana kyautata zaton an kai su gaban kwamitin 1773 ba su dawo ba. Arthur Grimwade ya cike wani ɓangare na giɓin a littafinsa na 1976.

Na biyu, hatimi shaida ne a kan ƙarfe a ranar da aka gwada shi. Abin da ya faru da kayan bayan nan, ba ruwansa. Mutanen zamanin Biktoriya ba sa son kaya marar ado, sai suka riƙa ɗaukar santalelen kofin giya na zamanin George su cika shi da furanni, wani ma su liƙa masa baki ya zama tulun madara. Cokulan miya sun koma cokulan 'ya'yan itace masu hoton inabi a ciki. Da tsofaffin cokula masu yatsu suka yi tsada, wasu sun yanke bakin cokali suka fitar masa da yatsu. A duk waɗannan hatimin na gaskiya ne, kayan ne ya tashi daga abin da aka gwada. Ƙwararrun dillalai sukan hura numfashi a kewayen hatimi, domin tururin yana fito da layin walda idan an dasa shi. Sukan duba ko murfi yana da nasa hatimin, su kwatanta nauyin yau da wanda aka zana a gindi, su danna wurin tambarin iyali da yatsa ko ya yi siriri saboda an kankare na wani. Idan cokula shida suka zo da hatimai a wuri ɗaya sak, da karkata ɗaya, to daga cokali guda aka zuba su, domin hannun mutum ba ya buga abu sau shida iri ɗaya. Tun 1939 ƙungiyar Landan take da kwamiti na musamman da ake kai wa kayan da ake shakka.

Na uku shi ne kayan da suka ari kamannin hatimi. Wajen 1743 Thomas Boulsover na Sheffield ya gano yadda ake manne fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta, a 1840 kuma kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar shafa azurfa da lantarki. Masu wannan sana'a sukan jera ƙananan tambura huɗu cikin garkuwoyi, da tsohon salon rubutu, ta yadda daga nesa sai ka rantse hatimi ne. Wanda ya ci karo da tsohon cokali ko tire a kasuwar gwanjo ya ga haruffan EPNS, to shafe ne a kan farin ƙarfe mai nikel. Zakin nan mai tafiya shi ake nema a tsohon kayan Ingila.

8.0 Sulen 1913 da dokar 1973

Sitalin ya iso ƙasar Hausa, sai dai ta aljihu ya shigo. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta fara fitar da sulenta mai hoton kwakwar manja a 1913, kuma azurfarsa kashi 925 ce, daidai da cokalin Hester Bateman. Kafin shi akwai liyarin Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, kashi 833, wanda maƙeran fari daga Kano har Agadas suka narkar suka yi kayan ado. Dalilinsu shi ne na maƙeran Landan na 1690: kuɗi ne azurfar da aka riga aka san ingancinta, ba sai an gwada ba. Da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya har ƙarfen sule ya nemi ya fi sulen daraja, hukuma ta ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta 1697. A can kwano aka ɗaga, a nan kuɗi aka saukar. A 1920 kuɗin Ingila ya koma rabin azurfa, na Afirka ta Yamma ya koma tagulla a shekarar, daga 1947 kuma babu sauran azurfa a kuɗin kashewa na Ingila.

Daga nan kwano da kuɗi suka rabu, hatimi ya zama kariyar mai saye kawai. Dokar 1973, wadda ta fara aiki a 1 ga Janairu 1975, ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda. Ofisoshi huɗu suka rage, Landan, Birmingham, Sheffield da Edinburgh, duk suka koma harafi ɗaya da ake sauyawa a farkon Janairu, Sheffield ta ajiye kambi ta ɗauki furen wardi. Duk kayan azurfar da ya kai giram 7.78 dole ya ɗauki hatimi kafin a sayar da shi da sunan azurfa, jabun hatimi kuma yana iya jawo ɗaurin shekara 10. A 1999 aka sake gyara don a daidaita da sauran ƙasashen Turai. Hatimai uku aka bari a matsayin wajibi: na mai ɗaukar nauyi, na ofishin da ya gwada, da lambar ma'auni, irin 925. Zaki ya zama na ganin dama, haka ma harafin shekara, tunda ofisoshi suna da wasu hanyoyin sanin wanda ya yi gwaji. Manazarcin da zai ɗauki cokalin 2010 nan da shekara ɗari biyu yana iya tarar da babu harafi a jikinsa, sai ya nemi shekararsa a rajistar masu ɗaukar nauyi da kundayen kamfanoni.